Kada ku sake sa ɗiyata ta yi mini tafinta

Zuwa ga mai girma shugaban asibitin da ke duba ɗiyata Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni manomin albasa ne daga Tama, ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Rabi shekararta goma sha ɗaya, kuma ciwon daji ne a wuyanta. Kuka na kawo, ba faɗa ba, amma zan faɗe shi yadda yake.

Na ɗaya. Likitanku ba ya jin Hausa, ni ba na jin Faransanci. Da ya ga yarinyar tana amsa masa tsaf, sai ya mai da ita tafinta tsakanina da shi. Har na yi alfahari a ranar, Allah ya yafe mini.

Na biyu. Ya ce mu dawo bayan mako uku, kada mu kuskura mu tsallake. Rabi ta juyo ta ce mini an ce jikin da sauƙi, sai bayan cirar albasa. Na yarda, don ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Wata biyu muka yi a gida, kumburin ya dawo ya fi na da.

Na uku. Da na tsare ta da tambaya, ta fashe da kuka, ta faɗa mini ainihin abin da likita ya ce. Ta ce ta ga duk tafiyar da muka yi lambu bushewa yake, uwarta ta yaye ƙaramarmu kafin lokaci, kuma an daina dariya a tsakar gida. Wai ita ce ta lalata mana gida, tana so ta bar mu mu huta. Ranka ya daɗe, maganar nan ta fi ciwon ƙona mini rai.

Ba na ganin laifinta. Wanda ya ɗora wa yaro kayan babba, shi ke da alhakin faɗuwarsa.

Roƙona biyu ne. Ku ajiye babban mutum mai jin Hausa ya riƙa faɗa wa iyaye maganar likita. Ku kuma samu wanda zai zauna da yaran nan ya gaya musu ba su ne suka jawo wa gidajensu wahala ba. Na faɗa mata, ta ɗauka lallashi ne na uba.

Ranar Litinin za mu dawo. In maganar ta yi nauyi kuka sake bi ta bakinta, ku sani ba za ta faɗa mini gaskiya ba, don tana tausayina.

Allah ya taya ku riƙo, ya raba ku da ganin irin wannan a gidajenku.

Wassalam.
Mahaifin Rabi, Tama.