Na Kira Sunan Ɗan Farinmu, Malam

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka irin gaisuwar da na saba yi maka da safe, ko da yake yanzu babu mai amsawa. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Babu mai kai saƙo inda kake, kuma ko da akwai, na san halinka, ninke ta za ka yi ka sa a aljihu ka ce sai an jima. Duk da haka zan rubuta, don maganar da ke cina ba ta faɗuwa ga kowa a Tudun Wada sai kai.

Gida lafiya, irin lafiyar da ake faɗa wa baƙo. Shagonka na ɗinki mai gidan ya ba wani mai cajin waya, ya shafe shi da koren fenti, ko kallon wajen ba na son yi. Keken ɗinkinka yana zaure, na lulluɓe shi da tsohon zane. Bilkisu autarmu ta ce a sayar, na ce sai bayan raina. Ta haihu, namiji ne, an sa masa sunanka, ka ga shi ma ba ni da bakin kiransa, sai dai in ce Malam ƙarami. Lambatun layinmu da kuka yi ta zaman shawara a kansa yana nan yadda ka bar shi, da an yi ruwa sai ya shigo mana har tsakar gida. Har yanzu akan sami wanda bai ji ba, ya yi sallama da yadi a hannu yana neman tela. Sai in fito in gaya masa, ya yi salati, ya tafi da yadinsa.

Ka tuna lokacin da ƙirjinka ya fara riƙewa? Ka dawo daga masallaci kana haki, ka dafa bango, ka ce mini iska ce. Da aka kai ka asibiti suka ce kitse ya toshe jijiyoyin zuciyarka. Tun daga ranar gidan nan ya zama gidan gadin zuciya. Na rage gishiri har miyata ta zama abin tsokana a wurin jikoki. Na hana ka balangu, kai kuma ka riƙa aikawa a sayo maka a shago, kana tsammanin ban sani ba. Haba Malam, mutum ya dawo da warin yaji da albasa a gemu ya ce azumin nama yake yi? Tabar da kake sha a bayan shago ma na sani. Labarin mutuwa kuwa ɓoye maka muke yi, ko na kusa ne, sai an lallaɓa an yi kwana-kwana, kada zuciya ta buga. Duk idonmu yana kan ƙirjinka, ashe abin da zai ɗauke ka yana can ƙasa yana girma.

Kai kuma ka yi shiru. Kana ganin jini a bayan gida, ka ce wa kanka basir ne, kamar yadda kowane namiji a garin nan yake cewa. Ka sayi maganin masu mota da lasifika a bakin kasuwa, ka ɓoye gorar a ƙarƙashin teburin yanka yadi. Da ramar ta bayyana, muka ce ai dokar abinci ce ta karɓe ka, har da masu yi maka barka wai tumbi ya sauka. Sai da hanjin ya toshe gaba ɗaya aka buɗe ka, aka ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya yi nisa. Suka ɓula maka gefen ciki suka maƙala leda. Kai da ba ka yarda in ga ko ƙafarka da datti, ni na riƙa canja maka ita, kana kallon bango, ina kallon hannuna.

Akwai abin da ban gaya maka ba a lokacin, don ba a yi wa mara lafiya faɗa. Na ji haushinka, Malam. Wallahi na ji, kuma har yau bai gama sauka ba. Mun haifi 'ya'ya tare, mun binne wasu tare, amma ka kasa buɗe baki ka ce mini kana zubar da jini? Wace irin kunya ce wannan? Ni bare ce? Akwai kuma wani abin da ban taɓa faɗa ba, shi ma bari in faɗa tunda ba za ka ɗago ka harare ni ba: ina son ka. Tun ina yarinya nake son ƙarar kekenka in na wuce ta ƙofar shago. Ban taɓa furtawa ba, kai ma ba ka taɓa ba, haka muka tsufa.

To, ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Maganar ɗan farinmu ce, wanda ƙannensa ke kira Yaya, ni ma na bi bakinsu. Ka san yadda muke da shi. Da aka yaye shi mahaifiyarka ta ɗauke shi zuwa Tudun Jukun, can ya girma. Ban taɓa goya shi a gaban mutane ba, ban taɓa kiran sunansa ba, in ana yabonsa sai in tashi in ba su wuri. Haka aka yi mini, haka na ga ana yi, kuma ana yaba mini da kawaici. Duk Juma'a in an sauko masallaci yakan zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina, ya gaishe ni, in amsa ina kallon wani wajen, ya ajiye abin da ya kawo ya tashi. Iyakarmu ke nan, kuma ni ta ishe ni, don ta gefen ido nake ƙare masa kallo.

Bayan rasuwarka shi ma ƙirjinsa ya riƙe, a shagonsa na tayoyi a Kwangila. Irin naka ne sak. Shi har sai da suka zura masa wani ɗan ƙarfe a jijiya don ta buɗe, suka ɗora shi a kan maganin tsinka jini. Matarsa Hadiza ce ta yi jinyarsa, ita ta zo ta faɗa mini abin da likitan ya ce. Wai masu toshewar jijiyar zuciya an fi samun tsiro a babban hanjinsu, don abin da ke ciyar da wannan shi ke ciyar da wancan: taba, ƙiba, yawan jan nama, zama wuri ɗaya. Ga shi kuma mahaifinsa da ciwon ya tafi. Ya ce lallai a duba hanjinsa da na'ura mai kyamara, tun tsiron yana ƙarami a cire shi. Da Yaya ya ji ta inda ake shigar da na'urar, sai ya ce shi da girmansa da iyalinsa ba za a yi masa wannan tonon silili ba. Ya karɓi maganin zuciyarsa ya yi gaba.

Kwanakin baya Hadiza ta zo da hantsi, wai ta zo taya ni tsintar shinkafa. Da ƙyar ta gaya mini cewa Yaya yana daɗewa a bayi, kuma ta ga jini ba sau ɗaya ba. Shi ya ce maganin tsinka jinin ne ya tayar masa da basir. Ta ga gorar magani a motarsa, irin taka, har launin ruwan ɗaya. Ta yi magana ya daka mata tsawa. Ƙannensa kuwa kowa tsoro yake ji, wai kada a tayar masa da hankali zuciyarsa ta buga. Ka ji fa, Malam. Gadin da muka yi maka shi muke yi masa, kuma na ga inda wancan ya kai mu.

Na rasa wanda zan aika. Kawunsa ya ce wannan ba maganar da babba zai yi wa magidanci ba ce. Da kana nan, kai ne za ka ja shi zaure. Sai na ga babu kowa sai ni.

Ranar Juma'ar da ya zo, Bilkisu tana nan da jaririnta, Hadiza ma ta biyo shi. Ya durƙusa yadda ya saba. Na juyo na kalle shi ido cikin ido, na ce Kabiru. Ka ji, na rubuta ma. Sunan ya fito mini da nauyi kamar ba da bakina ba, Bilkisu har ta saki salati. Ban tsaya ba. Na ce masa na san yana zubar da jini. Na ambaci dubura da bakina, a gaban matarsa da ƙanwarsa. Na gaya masa yadda na riƙa wanke ledar mahaifinsa, da warin, da yadda ka koma kamar yaro a hannuna. Na ce ban goya shi ba, ban taɓa roƙonsa komai ba, yau ina roƙonsa ya je a duba shi. Ina faɗa ina kuka, ni da bai taɓa ganin haƙorina ba balle hawayena.

Kansa yana ƙasa, gumi yana ɗiga daga goshinsa. Can sai na ga ya kai hannu ya dafe ƙirji, ni kuwa sai na dakata, tsoro ya kama ni kada in kashe shi da bakina. Ya ce to, in Allah Ya yarda zai je in kasuwa ta lafa. Ya tashi ya fita, ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba.

Tun daga ranar bai sake tako gidan nan ba. Juma'a tana zuwa tana wucewa, sai dai Hadiza ta kawo cefane ta ce yana gaishe ni. Ta ce ba fushi yake yi ba, kunya ce, ba ya iya haɗa ido da ni. Ita ma ya daina yi mata maganar jikinsa sam, tunda ya gane ita ta kawo mini. Asibiti kuwa bai je ba. Mata a layi sun ji labari, wasu suna cewa tsufa ya fara taɓa ni. Oho dai, su faɗa. Abin da ke ƙona ni shi ne na fasa abin da na riƙe tun ina amarya, ban sami komai ba, ɗan ganin da nake yi masa ma na rasa. Na yi kuskure ne, Malam? Da na yi shiru, da yanzu yana zuwa ina kallonsa yana ƙarewa. Wanne ya fi?

Shekaranjiya na kasa daurewa, na hau Keke Napep zuwa Kwangila. Ban ƙarasa shagon ba, na tsaya tsallaken titi wajen masu lemo. Yana zaune a benci, ya karkata gefe ɗaya, ya tokare da hannu, don zama daidai ya gagare shi. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Fuskar ta yi fari fat. Wani ya zo sayen taya, ya yunƙura zai tashi, sai da ya dafa bango. Na san wannan tashin, na san abin da ke biye da shi. Ina jin ya hango ni, don ya shige cikin shago bai sake fitowa ba. Na daɗe a tsaye har mai lemo ya ba ni kujera, sannan na hau na dawo.

Ina addu'a, kada ka ce na bari. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, zuciyata ta riga ta fara zaman makoki, ina jin ta. Na wanke maka leda da hannun nan, ban san ko zan iya wanke tasa ba, ban ma san ko zai bar ni in shiga ɗakin ba.

Saura abu ɗaya. An ce mamaci yakan zo wa nasa a mafarki. In da gaske ne ana barinku, kada ka ɓata zuwanka a kaina, ni na haƙura da ganinka sai mun haɗu. Ka je Hanwa, gidansa. Ka zaunar da shi, ka ɗaga rigarka ka nuna masa inda aka ɓula, ka gaya masa abin da ka kasa gaya mini. Maganarka yana ji, bai taɓa tsallake ta ba. Sai dai ina rubuta wannan ina tuna ku biyun, kai da shi. Ko an bar ka ka je, gaisawa kawai za ku yi, ka tambaye shi kasuwa, ya ce alhamdu lillahi, ka juyo.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka makwanci, Ya yafe maka shirunka. Ka huta lafiya, Malam.

Matarka da ka bari a Tudun Wada,
Asabe