Maigidana Yana Runtse Ido Kafin Ya Harba

Malam Zainul Abideen, don Allah ka duba wannan takarda tawa da wuri, domin ranar Juma'a ake jiran amsa daga bakina kuma har yanzu ban san abin da zan faɗa ba. Ka yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na tsaya.

Ni mutumin wajen Dakoro ne a Nijar. Shekara biyar ke nan ina tuƙa wani Alhaji ɗan Kano a nan Dubai, mai sito a Al Quoz. Zan kira shi Alhaji Kamal, ba sunansa ba ne. Bizata a hannunsa take, kuma gaskiya bai taɓa wulaƙanta ni ba.

Abokansa suna zuwa farauta duwatsun Kazakistan duk shekara, bana sun ja shi. Dabbar da za su nema ana ce mata elk, dangin barewa ce amma ta kusa doki girma, ƙahonta kamar rassan bishiya. Wai daga wannan dutse ake harbo ta a wancan, mita ɗari huɗu ko fiye. Jagoran da zai tarbe su ya aiko yana tambayar wace bindiga zai tanadar wa Alhaji, ta harsashi 6.5, ko 7mm, ko .300. Sai Alhaji ya ce ni zan zaɓa, tunda ni ɗan maharbi ne. A gaban abokansa ya faɗa, har yana bugun kafaɗata.

Malam, ɗan maharbi ne ni, amma mu harba-ruga muka sani da baka. Babanmu ba ya harbi sai ya ji ƙarar tuƙar dabba. Waɗannan lambobi a waya na fara ganinsu.

To ba ma wannan ne ya dame ni ba. Sau shida na kai shi kulob ɗin da ake koyon harbi, ina zaune a baya ina kallo. Idan ya riƙe 6.5, lafiya lau, ramukan harbinsa a takardar da ake auna tafin hannu zai rufe su. Idan aka ba shi .300, wadda take shuri kamar jaki, kafin ya ja kunama sai ya runtse ido duka biyu, kafaɗarsa ta zabura. Kafin ƙarar, Malam, ba bayanta ba. Harbin sai ya sauka ƙasa ta hagu. Mai koyarwar ya gani, ya ce masa mashallah habibi kawai. Alhaji kuma bai san yana yi ba, yana cewa madubin bindigar ne ba a saita ba. Kuma .300 yake so, don ita abokansa suke riƙewa, 6.5 kuwa suna ce mata bindigar mata.

A gidanmu wanda ya ɗura wa wani bindiga, alhakin harbin da shi. Idan dabba ta gudu da rauni, mai harbi da mai ɗuri ba sa cin tuwon gida sai sun same ta. Ina shekara goma sha tara na ɗura wa kawuna, na rage albarushi, harbinsa ya sami gwanki a tumbi. Kwana uku muna bin jini. Da muka tarar da shi yana da rai, angulaye na tsaye a gefe suna jira. Ba na so in sake ganin wannan, balle a ce da bakina aka zaɓa.

In na ce .300, zai ji daɗi, ni kuma na san inda harsashin zai sauka. In na ce 6.5, zai tambayi dalili, kuma ta yaya direba zai gaya wa maigidansa cewa yana tsoron bindiga? Sannan an ce ita ma ƙaramar, a irin wannan nisa, ƙila ba za ta kayar da dabbar ba. Na saba haƙuri da abu har ya wuce, amma wannan ba ya wucewa.

Ɗan Maharbi, International City, Dubai

Ɗana Ɗan Maharbi, na karanta, kuma abin da idonka ya kama daga kujerar baya shi ne abin da ake biyan mai koyarwa ya faɗa bai faɗa ba.

Ni ba maharbi ba ne, don haka na tambayi wanda ya san aikin. Abokan Alhaji ba su yi wauta ba: babbar dabba a nesa tana son harsashi mai nauyi, kuma 6.5 ƙarfinta yana raguwa sosai idan tafiya ta yi nisa. Amma kai ma ba ka yi kuskure ba. Babban harsashi a tumbi ya fi ƙarami a huhu muni. Wanda na tambaya ya ce mutum ya riƙi mafi girman bindigar da yake iya harbawa ido buɗe, sannan ya tsaya a nisan da ita da hannunsa za su iya. Ka ga ke nan zaɓi biyu ne a gabanka, bindiga da nisa, kuma na biyun ba wanda ya tambaye ka shi.

Ga abin da za ka yi kafin Juma'a. Ka roƙi Alhaji ku koma kulob sau ɗaya, ku biyu kawai, ya gwada ukun, har da 7mm da ba ka ce ya taɓa riƙewa ba, domin ita ce ta tsakiya. Ka ɗauke shi bidiyo da wayarsa, ta gefen fuska. Ka karɓi takardun ukun. A mota ka miƙa masa su, ka ce ya duba bidiyon a hankali. Kalmar tsoro kada ta fito daga bakinka, don ba tsoro ba ne, jiki ne yake kare kansa, kuma ana gyara shi da atisaye. Ɗan kasuwa ne, ya san karanta abin da aka ajiye masa a gaba.

Ka kuma gaya masa gaskiyarka: lambobi ba ka san su ba, dabba ka sani. Ka ba shi labarin gwankin nan yadda ka ba ni. Sannan ka nemi a rubuta wa jagoran cewa wannan farautar Alhaji ce ta farko, a matsar da shi kusa, kada a bar shi ya harba a nisan da bai taɓa gwadawa ba. Addininmu ma ya umarce mu da kyautata wa dabba har a wajen kashe ta.

Zai iya ɗaure fuska kwana biyu. Ban ga alamar mutumin da ya riƙe ka shekara biyar zai sallame ka don ka tsare masa mutunci a ɓoye ba. Abin da zai fi yi masa ciwo shi ne ya ji kunya a kan dutse a gaban abokansa, daga baya ya gane ka gani ka yi shiru. Idan kuma bayan duk wannan ya nace sai .300, to zaɓinsa ne, kai ka riga ka faɗa, ka fita daga alhaki, sai ka ci tuwonka.

Allah ya sa ya saurare ka, ya kai su lafiya ya dawo da su lafiya, kai kuma ya ba ka natsuwa.

Malam Zainul Abideen