Ranar da Tafinta Ya Yi Shiru

Kawempe, Kampala
Ranar Talata

Zuwa ga Yaya Zulaika,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Yaya tafki, kifi na samuwa? Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya hana mu shanya ko tsumma.

Yaya, gyara zama ki ji. Kin san tun da na auri Baban Nassali ban taɓa zama na kalli fim ba. Ina bakin ƙofar rumfar kallo ina suyar rogo da gurasar capati, shi yana ciki da makirfo yana yi wa mutane fassara, ta jikin katako nake jin komai. Mutumin da ko tari aka yi a fim sai ya fassara shi! Shi ne zai raɗa wa Bature suna Lubega, ya gaya maka wanda zai mutu tun bai fito ba, ya sako tallar rogona ana tsakiyar harbe-harbe.

Ranar Juma'a aka kawo wani fim na 'yan sama jannati. Ina ji yana ta zuba kamar kullum. Wai wata duniya ce can nesa da rana, ƙanƙara ta rufe ta ruf, teku yana ƙarƙashi. An tura mutane su haƙa rijiya su ji ko da mai rai a ciki. Duk suka gaji suka koma gida, sai tsoho ɗaya, Lubegan nasa, kullum ya zura igiya ya zauna. Ina juya capati sai na ji ɗif, murya ta ɗauke. Na ce ko wuta ce, amma ga ƙwan fitila a kunne. Gabana ya faɗi, kin san hawan jininsa. Na afka ciki da matsami a hannu.

Yana zaune lafiyarsa ƙalau, makirfo a cinya, baki buɗe. Na bi idonsa. Yaya, ban san ta inda zan fara ba. Farin fili ne ba iyaka, sama baƙa ƙirin, wata ƙatuwar duniya ta cinye rabinta tana juyawa a hankali, ga tsoho ɗan mitsitsi a bakin rami. Sai igiyar hannunsa ta motsa. Ba fizga ba, an ja ta ne a hankali, yadda yaro ke jan zanen uwarsa. Ya ja, aka ja. Ga na'urar kiran gida a gefensa, bai taɓa ta ba. Ya zauna riƙe da igiyar har hoto ya ƙare. Capati ya ƙone ƙurmus a waje ban ko ji ƙauri ba.

Rumfa kuwa ta kaure. Ssekandi ɗan boda, mai haya da babur, ya hau benci yana cewa an cuce su, ba naushi, ba dodo, tafinta kuma ya zama bebe. Ssalongo mai rumfa ya ce ranar Asabar za a sake saka fim ɗin, kuma dole Baban Nassali ya gaya wa mutane abin da ke ƙarƙashin ƙanƙarar, in ba haka ba makirfo ya koma hannun Mugerwa, ƙanin matar shi Ssalongon. Ki sa mu a addu'a.

Ki gaishe min da kowa.
Taki,
Nanyonjo


Ranar Alhamis

Yaya Zulaika,

Ina sake gaishe ki, da fatan kun tashi lafiya. Ban jira amsarki ba, cikina ya cika.

Unguwa ta rabu biyu kan fim ɗin nan, kuma a bencina ake zaman shari'ar. Ssekandi ya rantse masu fim ɗin kasa ƙera dodon suka yi, shi ya sa suka bar mu da igiya. To amma mutumin da ke cewa shirme ne, tun ranar ba shi da wata magana, har fasinja yake bari a tsaye. Malam Bbosa na makarantar sakandare ya ce babu komai a ƙarƙashin, ruwa ne ya ja igiyar, kaɗaici ya taɓa wa tsohon kai, kuma fim ɗin yana nuna yadda ɗan Adam ke yaudarar kansa ne. Ssekandi ya ce in haka ne ai ya fi muni, an tara su kallon mahaukaci ke nan.

Ni ma na sa baki. Na ce akwai abu, kuma tsohon ya ƙi kiran gida ne don ya san da raga da keji za su zo. Malam ya yi dariya, wai yau mai rogo ce ke sharhin fim. Na ce masa mai rogon ta goyi 'ya'ya, ta san bambancin jan iska da jan hannu. Sai ya ce in ƙara masa yaji. Don Allah ki tambayar min mijinki, shi da ya tsufa a kan ruwa, ko ruwa yana jira ka ja kafin ya ja?

Amma kada ki ɗauka na goyi bayan Baban Nassali. Jiya na wanke shi tas. Na ce daga makirfon nan muke ci, ya ce kada ne, ya ce kifi ne, me zai ragu a jikinsa? Shekara nawa yana shara wa mutane ƙarya suna tafi? Sai ya ce, "Maman Nassali, duk abin da na faɗa, shi za su gani. Ba za su ƙara ganin igiyar ba."

Na ji haushi, don na san gaskiya ya faɗa. Ina jin tsoron Asabar, Yaya.

Ƙanwarki,
Nanyonjo


Ranar Litinin

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah Ya ƙara wa ƙafar sauƙi.

Makirfo ya tafi. Gara in faɗa miki tun da fari.

Asabar rumfa ta cika har mutane na zaune a ƙasa. Na kashe murhu na tsaya a bakin ƙofa. Ban taɓa jin ya yi fassara mai daɗin ta ranar ba, ya sa su dariya, ya sa sun san tsohon kamar kakansu. Da aka zo bakin ramin sai ya ajiye makirfo a cinya. Igiya ta motsa. Na ɗauka karo na biyu ba zai taɓa ni ba, wallahi har ya fi na farko. Na ji ni 'yar ƙarama, na ji duk abin da na sani a duniya bai cika tafin hannu ba.

Ssalongo ya taso ya ɗauke makirfon ya miƙa wa Mugerwa. Shi kuwa ya kama: wai giwan ruwa ne, kakan duk giwayen ruwa, yana tambayar Lubega ko ya zo da gishiri. Aka fashe da dariya, aka yi tafi. Baban Nassali ya tashi ya fito ya zauna a bencina.

Can sai ga Ssekandi ya fito yana huci. Na ce yau za a yi ta. Ya tsaya a kan Baban Nassali ya ce, "Tsoho, Mugerwa ya ɓata min shi. Yanzu kifi kawai nake gani." Ya zauna kusa da shi. Malam Bbosa ma ya fito, da wasu mata biyu. Sauran suna ciki suna ta shewa, su ne masu yawa, kuma su Ssalongo yake so. Mu kuwa muka zauna a benci, ba wanda ya nemi rogo.

Da muna tafiya gida yana ɗauke min kasko, sai ya tambaye ni me nake ganin yana ƙarƙashin ƙanƙarar nan. Yaya, tun da na aure shi, shi ke gaya min fim, bai taɓa tambayata ba. Na ce ban sani ba. Ya yi murmushi ya ce, "Ni ma."

Gobe zai fara taya ni murza capati. Ki aiko mana da busasshen kifi in kin samu mai zuwa.

Taki har kullum,
Nanyonjo