Takardar Hayin Kogi

Sentul, Kuala Lumpur
4 ga Maris

Kaka,

Bayan gaisuwa da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Jiya a shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawan nan, wani tsoho Ibo ya ji an kira ni Najiba Daso, sai ya ajiye cokali ya tambaye ni da Hausar Sabon Gari ko na san Manjo Abdulwahidu Daso. Sunansa Okwudili, ɗansa ya kawo shi aikin ido. Ya ce a yaƙin basasa shi ke jagorantar sojan hayin kogi, kai kana wannan gaɓar.

Ya nuna mini wata takarda da ta yi ja don tsufa, da rubutunka: "Yaranka goma sha ɗaya suna hannuna, sun ci sun sha. Aiko kwalekwale gobe. Masu ɗiban ruwa kuma, kada ni da kai mu harbe su."

Kaka, me ya sa ba ka taɓa faɗa mana ba?

Jikarka,
Najiba

Gwammaja, Kano
12 ga Maris

Najiba,

Na amsa gaisuwa, Allah ya yi miki albarka. Ashe yana raye.

Bai gaya miki shi ya fara rubutowa ba. Mutanenmu bakwai suka mutu a hayinsa. Ya sa wani sojanmu da ke fursuna a hannunsa ya yi musu salla, ya binne su suna fuskantar alƙibla, sannan ya sako shi da sunayensu. Na huɗu a jerin shi ne Yahuza, ƙanena.

A ranar da sunayen suka iso aka ba ni umarnin harbe yaransa goma sha ɗayan nan. Na ƙi, ban kuma ƙara samun girma ba har na tuɓe kaki. Ban faɗa ba don ba ni na fara alherin ba, ramawa na yi.

Ki gaishe shi gaisuwar soja. Ki tambaye shi ko yana tuna wurin da ya binne su.

Kakanki,
Abdulwahidu

Sentul
19 ga Maris

Kaka,

Barka da war haka. Na karanta masa wasiƙarka. Da na gama, ya miƙe tsaye ya sara maka irin ta soja.

Wurin yana cikin gonarsu. Ya ce ba a taɓa sa fartanya a kai ba, jikokinsa ke share shi duk shekara, sun kuma haddace sunayen bakwai ɗin. Zai koma gida bayan aikin. Ya ce in ƙafarka za ta iya, da kansa zai tarbe ka a bakin kogin.

Ka huta lafiya.
Najiba