Manhajar da Ta Haɗiye Mini Magani Uku

Daga: Mai katin asibiti lamba 0417,
malamar koyar da rubuta manhaja, mai ritaya.

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Sashen Adana Bayanai,
Babban Asibiti.

14 ga Mayu.

Game da: Ɓacewar magunguna daga katin marasa lafiya bayan sauya manhaja

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina gabatar da kokena cikin ladabi kamar haka:

1. Shekara tara ina karɓar magani huɗu a asibitin nan: na hawan jini, na suga, na gwiwa, da na ɗigawa a ido. Ranar 6 ga Mayu, mako guda bayan kun koma sabuwar manhaja, mai ba da magani ta miƙo mini 'yar kwalbar ido kaɗai. Na ce ina sauran? Ta juyo mini da allon, wai Mama, kwamfuta ba ta ƙarya. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da kwamfutar nan. Ƙarya kam ba ta yi, amma duk shirmen da aka ɗora mata sai ta rantse a kai.

2. A bencin jira na yi ɗan bincike, wanda wasu suka kira tsegumi. Wani tsohon tela mai ciwon zuciya man shafawa kawai aka ba shi. Maƙwabciyata mai magani biyar ta tashi da na tari. Kowa da na ƙarshe a tsohon katinsa.

3. Ranar 8 ga wata na hau bene wurin injiniyanku. Ya ce Kaka, wannan harkar zamani ce, ki je ki huta. Na zauna a kujerarsa na huta, har ya gaji ya buɗe mini fayil ɗina na XML, wanda tsohuwar manhaja ta fitar. Ga magungunana huɗu reras, kowanne cikin alamarsa. Sai na nemi ganin ajin mara lafiya, wato ƙirar da ake zuba bayanan mutum a ciki su zama abu guda a manhaja. Ranka ya daɗe, gurbin magani ɗaya ne tak, ba jeri ba! Na farko ya shiga, na biyu ya ture shi, na uku ya ture na biyu. Kujera ɗaya, baƙi huɗu.

4. Ya ce ba da hannu ya rubuta ajin ba, wata manhaja ce ta ƙera shi daga fayil na gwaji, kuma haka duk duniya ake yi. Fayil ɗin wa? Nasa. Magani ɗaya yake karɓa. Ba zan faɗi na mene ne ba, sai dai ya riƙa sauya safa. Allah ya ƙara masa lafiya, amma ba a auna wa gari riga da jikin mutum ɗaya.

5. An ce gyara sai kwamiti ya zauna a watan gobe, kuma abin da ba ya kan allo ba ya fita ta tagar ba da magani. Ƙwayar hawan jini shida ta rage mini. Telan nan bai san nasa ya ɓace ba. Cewa yake likita ya ga ya warke.

Saboda haka ina roƙon mai girma Shugaba ya sa a mayar da gurbin nan jeri, a sake zuba bayanan daga fayilolin asali, a kuma gwada da katin tsofaffi. Nawa na ba da shi kyauta. Kafin nan a bar mai ba da magani ta bi katin takarda, a kuma nemo telan yau. Kada a hukunta injiniya, ya ba ni ruwa mai sanyi.

In kuwa dole sai an jira kwamiti, ina roƙon a juya mini jerin, a sa na hawan jini a ƙarshe. Idona zai haƙura.

Ka huta lafiya, tare da girmamawa.

Taka mai biyayya,
Mai kati lamba 0417