Ƙashin Baba da Na Binne

Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Azare sai godiya.

An yi wa Baba aikin ƙafar a Kano. Sun cire mataccen ƙashin ƙwaurinsa. Da mugunya ta tsaya, suka yanko wani ƙashin daga ƙugunsa suka cike gurbin. Sai bayan wata uku hoto zai nuna ko ya kama. In bai kama ba, yanke ƙafar za a yi. Ni na sa hannu, wai ni ne mai digiri, alhali labarin ƙasa na karanta.

Ni aka damƙa wa mataccen ƙashin. Na auna shi, inci uku da rabi, kamar gara ta ci. Malamin unguwarmu ya ce a binne, na naɗe shi a farin ƙyalle na kai maƙabartar garinmu Chinade na binne.

Jiya Baba ya ce, "Habu, akwai fili gefensa?"

Na ce ban lura ba. Yaya, akwai. Tun ranar na duba, kuma har yau ina ganinsa.

Ku taya mu addu'a ƙashin nan ya kama. Inna tana gaishe ku.

Ƙaninka,
Habu