Wasan da Ba Ya Riƙe Suna

Laraba, 5 ga Yuni, 1996

Yaron nan ya dawo daga Kaduna. Masaƙa ta rage ma'aikata, yana cikin waɗanda aka sallama. Shekara goma sha ɗaya yana shaƙar ƙurar auduga, ga abin da ya kawo Makarfi: katifa, ƙaramar talabijin, tari, da wata na'ura da ya ce ta wasan kwamfuta ce.

Na ce "yaron nan" alhali ya ba talatin baya. To ɗan farina ne, kuma sunan mahaifina ya ci. Ban taɓa kiran sunansa ba, ko a takarda. Haka na taso na ga ana yi a gidanmu. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon bango. Uwarsa Uwaliya ta ce ya rame. Ai na gani, ta wutsiyar ido.

Lahadi, 9 ga Yuni

Maƙwabcina Ilisha mai gyaran rediyo ya taso daga coci ya haɗa masa wayoyin abin a ɗakin zaure. A jikin kaset ɗin an rubuta wasanni ɗari tara da casa'in da tara ne a ciki. Na tsaya bakin ƙofa, wai alwala nake. Shekara talatin na yi ina koyar da Larabci a firamare, na san ɗalibin da ya kwafi amsa ɗaya ya canja mata tawada. Wasanni biyar ne kacal: ƙwallo, tseren mota, dambe, jirgin sama, da wani mutum mai tsalle-tsalle. Sauran duk su ne aka sake wa launi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Na faɗa wa Ilisha haka da ƙarfi. Yaron nan ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Rabon da in ji dariyarsa kusa da ni, na manta.

Talata, 18 ga Yuni

Wasan ƙwallon nan abin takaici ne. 'Yan wasa duka fuskarsu ɗaya, kamar uwa ɗaya ta haife su rana ɗaya. Mai tsaron gida yana tsaye kamar an dasa shi, ƙwallo ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa, sannan ya faɗi. Babu alƙali. Kiɗan kuwa, sauro ya fi shi daɗin murya. Biyu bisa goma, kuma na yi sassauci.

Ilisha nake gaya wa. Shi kuma yaron nan Ilisha yake ba amsa, ya ce a gaya wa Baba ya riƙe ya gwada tukuna. Bawan Allah Ilisha ya zama ɗan aike tsakanin mutum biyu da ke kan tabarma ɗaya.

Asabar, 29 ga Yuni

Na riƙe. Ilisha ba ya nan, ya tafi Ikara biki.

Tseren mota. Itace ɗaya ne ke ta wucewa, sau ɗari, dutse ɗaya, gajimare ɗaya. Motar ba ta shan mai. A ƙasar da mutum zai yi kwana biyu a layin gidan mai! Babu rami a titi, babu shingen sojoji. Wanda ya ƙirƙiri wannan bai taɓa hawa motar Kudan da damina ba. Ka juya hagu, sai ta gama shawara sannan ta juya. Na faɗa ramin gefen titi sau bakwai.

Ya ce, "Baba, sassauta yatsa kafin kwana." Na sassauta. Na wuce.

Sai da aka kira magariba na lura sa'a biyu muka yi kafaɗa da kafaɗa. Ba wanda zai ce na yi rashin kunya, ai talabijin nake kallo, ba shi ba.

Alhamis, 11 ga Yuli

An kai shi asibiti Zariya. Huhu ne. An rubuto magani, rabinsa babu a gari.

Litinin, 22 ga Yuli

Yau dambe muka yi. Su biyu ne a wasan, kuma mai jar riga ne kullum ke ci, ko jariri ne ya riƙe masa. Ka tsuguna a kusurwa ka yi ta shuri ɗaya, shi ke nan. Wannan ba dambe ba ne, mahautan Makarfi su gani su yi kuka. Ya bar min mai jar rigar, yana zaton ban gane ba.

Amma mai tsalle-tsallen ya fi ɓata min rai. Ya faɗa wuta ya mutu, ya tashi. Ya faɗa ruwa ya mutu, ya tashi. Rai uku aka ba shi, in ya tsinci wani abu a hanya a ƙara masa na huɗu. Na ce wannan ƙarya ce ake koya wa mutane. Yaron nan ya ce shi kam da ana rabawa, ɗaya kawai zai roƙa a ƙara masa. Da wasa ya faɗa. Na tashi na fita, na tsaya bayan gida ina duba masarar da ba ta buƙatar dubawa.

Juma'a, 2 ga Agusta

Babban aibin na'urar nan na gano shi yau. In ka yi tsere mai kyau ka shiga cikin goman farko, tana buɗe allo ta ce ka sa sunanka. Shi ne na ɗaya, sunansa a sama. Ni na tara, ya rubuta min BABA. Sati guda muna tara wannan. Da azahar aka ɗauke wuta, da aka dawo da ita allon ya koma sunayen wasu baƙi da ba wanda ya san su. Ko alama babu.

Na yi faɗa sosai. Ilisha ya ce ba ta da inda take ajiya, haka aka yi ta, mai arha ce. Na ce ko allon ɗan makaranta yana riƙe rubutu har a wanke. Sifili bisa goma.

Shi ko a jikinsa. Ya ce sai mu sake.

Laraba, 14 ga Agusta

Hannunsa ba ya iya riƙewa yanzu. Yana jingine da filo, ni nake tuƙi yana gaya min kwana. Bayan la'asar muka yi tseren da ba mu taɓa yi ba. Na ɗaya. Allon ya buɗe.

Ya ce, "Baba, wannan nawa ne, ni na nuna hanya. Sa min sunana."

A hankali ya faɗa, yana murmushi. Harufa shida ne. Yatsana yana kan maɓallin. Na ji kamar mahaifina na zaune a zauren yana kallona. Na ajiye abin a kan tabarma na ce alwalata ta karye. Ba ta karye ba.

Da na dawo allon yana nan yana ƙyaftawa, ba komai a ciki. Ya juya fuska bango, ya ce barci yake ji.

Lahadi, 18 ga Agusta

Babu wuta kwana huɗu. Na yi niyyar in an kawo zan ce mu sake. Jikin ya yi tsanani.

Talata, 20 ga Agusta

Jiya da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da liman ya faɗi sunansa kafin a tayar da salla, kowa ya ji, ni ma na ji. Bakin kowa ya iya, ban da nawa.

Asabar, 7 ga Satumba

Masu ta'aziyya suna ta yaba min. Wani tsoho daga Taba ya ce Malam Sani dattijo ne na asali, ko hawaye bai yi wa ɗan fari ba. Na ce na gode. Ban taɓa jin yabo mai ɗaci irin wannan ba.

Uwaliya ta ce a ba Ilisha na'urar ya sayar, ganinta na tayar mata da hankali. Na ce wa zai sayi wannan tarkace? A bar ta.

Asabar, 28 ga Satumba

An yi addu'ar arba'in. Da jama'a suka watse Ilisha ya tsaya yana naɗe tabarmi. Ya ce, "Malam, akwai maganar da ya bar min." Wai ran da na fita alwalar nan, shi Ilisha ya leƙo ya sami yaron nan, ya ce bari ya rubuta masa sunan. Yaron nan ya hana. Ya ce a bar wa Baba, zai dawo ya sa.

Da na sani ƙeya ce. Ilisha ya gama naɗe tabarmin ya tafi.

Talata, 1 ga Oktoba

Ana ta fareti a rediyo. Na kunna abin. Ba ta tambayar suna sai ka ci, wannan ma wani rashin mutunci ne nata. Babu mai gaya min kwana. Rami, rami, rami. Ko na goma ban kai ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Har yanzu wasan banza ne. Itacen nan ɗaya, kiɗan sauro, motar da ba ta jin magana. Ban canja ra'ayi ba.

Kwana tara ina yi. Yau da la'asar na sassauta yatsa kafin kwana. Ban zo na ɗaya ba, na huɗu na zo, amma allon ya buɗe. Harafi-harafi ake zaɓa, abin na da wuya, ashe ina faɗa a fili ban sani ba. Da na waiga Uwaliya na bakin ƙofa da ƙwarya a hannu. Ita ma ba ta taɓa kiransa ba, Mai Sunan Malam take cewa, wato mahaifina. Ta zauna a gefen tabarmar, inda yake zama. Muka yi ta kallo.

Bai kai rabin sa'a ba aka ɗauke wuta.

Ta ce gobe in an kawo in kira ta. Na ce to.

Takarda dai ba a ɗauke mata wuta. Uwaisu. Sunansa Uwaisu, ɗana.